Tagwaye ne mu, tare muka faɗi: me ya sa ni kaɗai ciwon baya ya ƙi saki?

Tambayar ta zo daga wani bawan Allah a Tahoua. Shi da ɗan'uwansa tagwaye ne masu kama ɗaya, haihuwar 1985, sana'arsu lodin albasa. Shekara biyu da suka wuce babur ya kayar da su tare, duka biyun suka bugu a baya. Ɗan'uwan ya miƙe cikin kwana arba'in ya koma bakin aiki, shi kuwa har yau. An yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, an yi masa sikana a Yamai, aka ce ba karaya, sai ɗan kumburin faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Yana shan tramol. Ya ji wani saƙon murya a WhatsApp yana cewa akwai ilimin da ake kira efijenetik, wai yunwar da uwa ta sha da ciki tana barin ciwo a jikin ɗa, kuma akwai ƙwayar magani mai wanke gado. Mahaifiyarsu kuwa ta ɗauki cikinsu a farin 1984. Yana so ya sani: gaskiya ne? Kuma ya ci gaba da motsa jikin da aka sa shi, alhali in ya yi ciwon tashi yake?

Malam, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Aikina gashin ƙashi da gyaran motsin jiki, abin da a likita ake ce wa kine, a nan Yamai. Abu na farko da nake so ka riƙe: ciwonka gaskiya ne. Hoton da bai nuna karaya ba bai ƙaryata ka ba, kuma warkewar ɗan'uwanka ba ta mai da kai rago ba. Efijenetik ilimi ne na gaske, yana ma taimakawa a gane abin da ya same ka. Amma mai saƙon muryar ya ɗauki gaskiya ƙwaya ɗaya ya zuba mata ruwa tulu guda don ya sayar da kaya.

Kafin mu je nan, akwai alamomin da in kana da ko ɗaya cikinsu, to ka ajiye karatun nan ka koma likita. Zazzaɓi mai dawowa, zufar dare, rama ba dalili, ciwon da ke tsananta in ka kwanta, ƙafa tana mutuwa ko tana jan ƙasa, fitsari ko bayan gida ya ƙwace maka ko ya ƙi fita, ko ka daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi. A ƙasarmu tarin fuka yana cin ƙashin baya, haka ma ciwon da ake ɗauka daga madarar da ba a dafa ba, kuma waɗannan ba motsa jiki ke maganinsu ba. In babu ko ɗaya, mu ci gaba.

Duk wanda ya zauna gaban malam da allo ya san babbaƙu da farfaru. Rubuta kaf da ra a ajami ka bar su tsirara, ba mai ce maka ga abin da ka rubuta. Sa musu wasali su zama kara. Sauya wasalin su zama kira. Sake sauyawa, kura. Baƙin bai motsa ba, karatun ne ya sauya.

To a cikin kusan kowace ƙwayar jikinka akwai wani zare da ake kira ADN, ƴan Najeriya kan ce DNA. In aka warware na ƙwaya ɗaya tak zai kai mita biyu. Yana ɗauke da baƙaƙe wajen biliyan 3 daga uwa, da wasu kamarsu daga uba, kuma a cikinsu akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000, kowace da abin da take umartar jiki ya ƙera. Rubutun da ke cikin ƙwayar idonka shi ne a cikin ƙwayar hantarka, amma ido ba ya yin ɗacin matsarmama, hanta kuma ba ta gani. Abin da ya raba su shi ne wane shafi aka buɗe, wane aka rufe. Nazarin waɗannan alamomi na buɗewa da rufewa shi ne efijenetik, sunan da wani Bature ɗan Ingila, Conrad Waddington, ya raɗa a 1942.

Alamomin iri-iri ne. Akwai wani ɗan ƙaramin sinadari, metil, da ke maƙalewa a bakin ƙwayar gado, galibi ya sa ta yi shiru. Akwai kuma yadda zaren ke naɗe a kan wasu dunƙulen furotin da ake kira histon, kamar zare a mazari: in naɗin ya yi tauri ba a iya karanta wurin, in ya sassauta sai a karanta. Sai wasu ƴan guntayen saƙonni masu tare umarni a hanya kafin ya isa, waɗanda gano su ya ba Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel a 2024. Abinci, barci, hayaƙin taba, fargaba, rauni da motsi, duk suna taɓa waɗannan alamomi.

Kai da ɗan'uwanka baƙinku ɗaya, tunda daga ƙwai ɗaya kuka rabu. Wasalinku kuwa tun tuni ya soma rabuwa. A 2005 masu bincike a Sifen ƙarƙashin Manel Esteller suka duba tagwaye masu kama ɗaya, daga ƴan shekara 3 har zuwa 74. Ƙananan tagwayen, alamominsu kusan ɗaya suke. Manyan kuwa sun yi nisa da juna, musamman waɗanda suka daɗe ba su zauna wuri ɗaya ba. A 2014 kuma, a kwalejin King's da ke Landan, aka riƙa ɗora wa tagwaye wani ƙarfe mai ɗumi a hannu ana ƙara zafinsa har mutum ya ce ya isa. A inda ɗaya ya fi ɗaya saurin jin zafi, an sami bambancin metil a jininsu, mafi fitowa a kan wata ƙwayar gado mai suna TRPA1. Ka san aikinta ko ba ka san sunanta ba: ita ke ƙera abin da ke jin yajin ɗanyar tafarnuwa a baki, kuma tana cikin jijiyoyin da ke kai labarin ciwo. Saboda haka ba abin mamaki ba ne jini ɗaya, faɗuwa ɗaya, a tashi da jiki biyu.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya. Nama da jijiyar da suka bugu ranar da kuka faɗi sun daɗe da haɗewa. Irin wannan rauni yakan warke cikin makonni zuwa ƴan watanni. Ciwon da ya haura wata uku ana lissafa shi a matsayin ciwo mai daɗewa, kuma sau da yawa a lokacin matsalar ta tashi daga wurin raunin ta koma kan masu kai labari. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa ma haka suke. In suka daɗe suna karɓar ihun ciwo sai su ƙara kunne, har ya zama sunkuyawar ɗaukar buta tana tayar da ƙarar da a da sai buhu ya faɗo maka za ta tashi. Wani mai bincike, Clifford Woolf, shi ya nuna wannan a 1983. Abin da efijenetik ya ƙara shi ne bayanin yadda jijiya ke riƙe wannan hali wata da watanni: ana sassauta naɗin ƙwayoyin gadon da ke ƙara jin ciwo, ana ɗaure waɗanda ke kwantar da shi.

A jami'ar McGill da ke Kanada, ƙungiyar Laura Stone ta ji wa ɓeraye rauni a jijiyar ƙafa. Bayan wata shida suka duba ƙwaƙwalwarsu ta gaban goshi, nesa da ƙafar, suka tarar metil ya ragu, kuma gwargwadon raguwarsa gwargwadon tsananin jin ciwon. Sai ga abin da ya sa nake kawo wannan bincike na 2013 ga kusan duk mai ciwo irin naka: wasu ɓerayen an mayar da su kejin da ke da abin gudu da kayan wasa. Raunin jijiyar yana nan, amma jin ciwon ya ragu, alamomin ƙwaƙwalwar kuma suka koma kusa da yadda suke. Ɓera ba mutum ba ne, kuma mafi yawan abin da aka gani a cikin jijiya kai tsaye a dabba aka gan shi, don ba a yanko lakar mai rai a duba. Amma hanyar da ya nuna ita ce wadda muke gani a ɗakin aiki kullum.

Shi kuwa kumburin faifan da sikana ta nuna, kada ya tsorata ka. Da aka tattara hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwon komai, a wani nazari na 2015, an sami irin wannan kumburi a kashi 30 cikin ɗari na ƴan shekara 20, da sama da kashi 80 na ƴan shekara 80. Ba mamaki in an saka ɗan'uwanka a na'urar a ga irinsa.

Batun yunwar 1984. Akwai gaskiya a gindin maganar. A Holand, a hunturun 1944 zuwa 1945, yaƙi ya jefa mutane cikin yunwa mai tsanani. A 2008 aka duba waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin, suna da shekara wajen sittin, aka ga metil ɗin wata ƙwayar gado ta girman jiki, IGF2, ya gaza na ƴan'uwansu da suke ciki ɗaya. Kusa da mu ma, a yankin Keneba na Gambiya, an nuna cewa yaran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aiki kuma ya yi yawa, alamominsu sun bambanta da na waɗanda aka ɗauka da rani. Wannan dalili ne babba na kula da cimar mace tun kafin ta ɗauki ciki, kuma mu da muka san watannin da hatsi ke ƙarewa kafin sabo ya nuna, ya kamata mu fi kowa jin wannan. Amma waɗannan bincike ba kan ciwon baya aka yi su ba. Kuma kai da kanka ka riƙe amsar: cikin da ya ɗauke ka shi ya ɗauki ɗan'uwanka, yunwar da ta same ka ta same shi, ga shi yana ɗora buhu a mota. Kada ka bari wani ya sa tsohuwa ta kwana tana zargin kanta. Haka nan kada ka ji tsoron ka zuba wa ƴaƴanka wannan ciwo a jini: yawancin alamomin nan ana goge su a lokacin da ake ƙera ƙwayoyin haihuwa, a sake gogewa bayan ciki ya shiga.

Ƙwayar wanke gado kuwa, riƙe kuɗinka. Akwai magungunan da ke taɓa waɗannan alamomi da gaske, irin su azasitidin da aka amince da shi a Amurka a 2004, amma na kansar jini ne, masu nauyi, ana ba da su ƙarƙashin idon likita. Babu wani maganin efijenetik da aka amince da shi don ciwon baya, babu kuma gwajin jinin da zai karanta alamominka ya faɗa maka dalilin ciwonka.

Tramol ya fi damuna. Yana aiki ne ta wata ƙofa a jikin jijiya, wadda ƙwayar gado mai suna OPRM1 ke ƙerawa, ƙofar da jiki ke amfani da ita don kwantar da ciwo da maganinsa na kansa. A dabbobi an ga raunin jijiya yana rufe wannan ƙwayar gado, shi ya sa irin wannan magani ba ya cika kama ciwon jijiya. A mutanen da suka daɗe suna shan dangoginsa kuma an sami ƙarin metil a kanta. Abin da kowa ya sani a tasha shi ne wanda ya fara da ɗaya yakan koma biyu, ya koma huɗu. Abin da ba a cika sani ba shi ne doguwar sha tana iya ƙara wa jiki jin ciwo, yawansa kuma yana kawo farfaɗiya. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ciwon baya mai daɗewa, ciwon da ya kama mutum miliyan 619 a duniya a 2020 in an haɗa da sabo. Ta ce a guji wannan dangin magani, da ɗamarar baya, da jan baya da na'ura. Ta ce a ba da ƙarfi ga fahimtar da mai ciwo, da motsa jiki mai tsari, da taimako kan tsoro da damuwa. Kada ka yanke tramol rana ɗaya. Ka je ka faɗa wa likita adadin da kake sha ba ragi, a sauko da kai a hankali. Diklofenak ɗin ƴan tebur ma ba abin sha kullum ba ne, yana cin ciki yana taɓa ƙoda, balle ga mai aiki cikin rana yana zufa.

To me motsi ke yi? Nan ne binciken ya fi ƙarfi, don a jikin mutane aka yi shi. A cibiyar Karolinska ta Suwidin, a 2012, aka ɗebi ɗan nama daga cinyar mutane kafin su tuƙa keke da bayan sun tuƙa. Tuƙi ɗaya ya rage metil a kan ƙwayoyin gadon da ke ƙara wa nama ƙarfin aiki, kuma wanda ya fi wahala ya fi samun sauyin. Sai dai sauyin na ɗan lokaci ne, shi ya sa motsin rana ɗaya ba ya gyara kowa. A 2014, a wannan cibiya dai, mutum 23 suka motsa ƙafa ɗaya kawai, minti 45, sau huɗu a mako, har wata uku, ɗaya ƙafar tana hutawa. Mutum ɗaya, jini ɗaya, tuwo ɗaya. Ƙafar da ta yi aiki ta sauya alamomi a wurare kusan 5,000, abin da ba a gani a ɗayar ba. Ka ga tagwaye ke nan a jikin mutum guda.

Akwai wani kuma da ya shafe ka kai tsaye. A 2018 a Ingila aka sa wasu maza ɗaga nauyi mako bakwai, suka huta mako bakwai har naman ya koma, suka sake yin mako bakwai. A zagaye na biyu naman ya fi girma, kuma wasu alamomin da aikin farko ya buɗe ba su rufe ba duk tsawon hutun. Mutum takwas ne kacal, ƙaramin bincike ne, amma ya dace da abin da ƴan kokowa suka sani: wanda ya taɓa shiga fili, in ya dawo horo ba ya farawa daga inda sabon yaro ke farawa. Bayanka da ya shekara ashirin yana ɗaukar buhun da ya haura kilo 100 bai manta ba.

Akwai wani ɗan kabu-kabu da aka kawo mini, ciwonsa ya kusa shekara uku. Na ajiye makullin babur a ƙasa na ce ya ɗauko. Kafin ya motsa sai da ya ɗauke numfashi, ya cije leɓe, ya dafa gwiwa da hannu ɗaya, bayansa a sandare kamar an saka masa taɓarya. Ya ce rabonsa da ruku'u tun ranar haɗarin, a kujera yake salla. Ban ce ya sunkuya ba. Na kwantar da shi rigingine na ce ya jawo gwiwoyinsa zuwa ƙirji yana sakin numfashi. Ya yi sau goma ba ko yamutsa fuska. Na ce masa lanƙwasar da bayanka ya yi yanzu ta fi ta ruku'u. Ya yi shiru yana kallon rufi. Daga nan muka fara: a kwance, sai a zaune yana saukar da hannu zuwa idon sawu, sai a tsaye yana dafe da tebur. Ciwon bai ɓace a mako ɗaya ba, akwai ma makon da ya tashi har ya so ya bari. Ranar da ya zo ya ce ya yi sallar Magariba a sahu, a tsaye, ya fi ni murna amma ba da yawa ba.

Ga yadda zan so ka yi, tare da mai yi maka kine a Tahoua, don shi ke ganinka ido da ido. Nemo gwargwadon tafiyar da kake iyawa ba tare da ciwon ya haukace ba. In minti goma sha biyar ne, fara da goma, kullum, bayan Asuba kafin rana ta yi zafi. Kowane mako ƙara minti biyu ko uku. Ka yi adadin da aka tsara ko ranar da ka ji garau, don masu irin ciwonka sun fi faɗuwa a ranar daɗi: su yi aikin kwana uku a yini ɗaya, su kwanta mako guda. Ɗaukar kaya kuma a koma masa da tsani. Jarka mai lita biyar daga kan kujera, sannan daga ƙasa, sannan lita goma, har a kai ta ashirin da biyar, kafin a yi zancen rabin buhu. Wannan aikin watanni ne.

Tashin ciwo lokacin motsi, wanda shi ne ainihin tambayarka, ba alamar wani abu ya yage ba ne. Ma'aunin da muke bi shi ne: in ya ɗan ƙaru amma kana iya jurewa, kuma zuwa washegari war haka ya koma inda yake, to adadin ya yi daidai. In ya kwana biyu a sama, an yi yawa, a rage kashi ɗaya cikin huɗu a ci gaba, kada a tsaya cak. In kuwa ƙafa ta soma rauni ko ɗaya daga alamomin can na sama ya bayyana, wannan na likita ne a ranar.

Barci yana cikin magani. Daren da ba a yi barci ba yana sa jiki ya fi jin ciwo washegari, an gwada wannan a kan masu lafiya ma. In kana zaman fada har tsakar dare ana zuba shayi na ɗaya da na biyu da na uku, ka tsaya a na farko, ko ka sha da wuri. Zaman kansa kada ka bari, kaɗaici yana ciyar da ciwo. In kana shan taba, ka san tana cikin abubuwan da suka fi barin tabo a alamomin nan na ƙwayoyin gado, ana ganinsa a jini ƙarara, kuma yawancinsa yana dusashewa bayan an daina. Ƙaho a wurin wanzami kan ba wasu sauƙin kwana biyu, amma sakiya da ƙarfe mai zafi a kan baya ƙara wa jijiyar da ta riga ta firgita wani sabon rauni ne.

Sai batun da ba ka rubuta ba amma yana cikin wasiƙarka: shekara biyu kana kallon ɗan'uwanka yana fita da safe, kai kana gida, ga iyali. Wannan nauyi yana shiga jiki ta hanyar sinadaran fargaba, yana hana barci, yana ƙara wa jijiya kunne. In akwai aikin da za ka iya a wurin lodi wanda ba ɗauka ba, ƙirgar buhu, ɗinkin baki, tsintar albasar da ta lalace, ka koma gobe, ko na rabin yini ne. Ka kuma roƙi ɗan'uwanka ya riƙa raka ka tafiyar safe.

Samo ɗan littafi. Kowace rana rubuta minti nawa ka yi tafiya, lita nawa ka ɗaga, awa nawa ka yi barci, tramol nawa ka sha. Bayan mako shida ka kai wa mai kine ɗinka ku duba tare, ka kuma aiko mini da abin da ke ciki. Allah ya ba ka lafiya, ka gaishe da Hajiya da ɗan'uwan naka.